Igiyar Ba-Zata: Labarin da Masana Suka Ƙaryata Har Tsawon Shekara 169

Daga cikin abubuwan al'ajabi da matuƙa jiragen ruwa suka daɗe suna bayar da labari akwai wata irin igiyar ruwa wadda takan taso ita kaɗai a tsakiyar teku, ta miƙe tsaye kamar ganuwa, ta faɗa wa jirgi, sannan ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Wasu sukan ce kafin ta iso sai an ga wani wawakeken rami ya buɗe a cikin ruwa, jirgi ya sunkuya ciki. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda masana suka yi watsi da labarin, da irin asarar da aka tafka kafin su gaskata shi. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ba ambaliyar sunami ake nufi ba, wadda girgizar ƙasa ke haddasawa, ta je ta yi ɓarna a gaɓa. Wannan a cikin zurfin teku take aikinta, shi ya sa muka kira ta igiyar ba-zata.

A shekarar 1826 wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Jules Dumont d'Urville, ya bayar da rahoton cewa ya ci karo da igiyoyi masu tsawon kimanin mita 30 a Tekun Indiya. Mutumin nan ba ɗan tatsuniya ba ne, masanin tsirrai ne mai kiyaye lissafi, kuma yana da abokan tafiya uku da suka shaida. Duk da haka babban malamin kimiyyar nan François Arago ya yi masa ba'a a bainar jama'a, domin ra'ayin da ya kafu a wancan zamani shi ne igiyar ruwa ba ta wuce mita 9. Idan har wannan ne sakamakon da hafsa mai ilimi ya samu, to ina ga ƙaramin ma'aikacin jirgi wanda ba shi da abin nunawa sai rantsuwa?

A nan akwai wata matsala da ta shafi tarihi kansa. Shaidu kan yi ƙaranci a inda abin da za a shaida yake hallaka masu ganinsa. Jirgin katako da irin wannan igiya ta rufta wa ba ya komawa gida balle a ji ta bakin mutanensa, waɗanda suka tsira kuwa sai a ce tsoro ne ya ƙara musu girman abin a ido. Da ilimin nazarin teku ya bunƙasa a ƙarni na 20, sai lissafi ya ƙara ɗaure wa masu musu gindi, domin tsarin da ake amfani da shi ya nuna cewa igiya mai mita 30 sai a yi shekara 10,000 ba a ga ɗaya ba.

Teku dai bai fasa cin jirage ba. A watan Yuli na 1909 jirgin fasinja mai suna Waratah ya tashi daga Durban zuwa Cape Town da mutum 211, bai isa ba. Kwamitin binciken da ya zauna a Landan ya saurari ƙorafi a kan cewa jirgin yana da yawan karkata, amma wurin da ya ɓace ma abin dubawa ne. A gaɓar nan ta Afirka ta Kudu akwai wani ƙaƙƙarfan magudanar ruwa a cikin teku, wato Agulhas, wanda ke gangarawa kudu maso yamma, yayin da guguwa ke koro manyan igiyoyi daga can su yi gaba da gaba da shi. Idan suka haɗu sai igiyar ta takure, ta ƙara tsawo da tsayuwa. Da aka rufe mashigin Suwez daga 1967 zuwa 1975, manyan jiragen dakon mai suka koma zagayawa ta wannan hanya, aka yi ta samun jiragen da suka shigo tasha da raunuka. Ɗaya daga cikinsu, World Glory, bai ma shigo ba, ya karye gida biyu a 1968.

Abin da ya fi tayar da hankalin maƙeran jirage shi ne nutsewar München, jirgin dakon kaya na Jamus mai tsawon mita 261, wanda bai fi shekara 6 da fara aiki ba. Ya nutse a arewacin Tekun Atlantika a watan Disamba na 1978 da mutum 28. Cikin ɗan tarkacen da aka tsinta akwai kwalekwalen ceto wanda mazauninsa a jikin jirgin ya kai mita 20 daga fuskar ruwa, aka tarar ƙarafan da ke riƙe da shi sun lanƙwashe daga gaba zuwa baya. Wani abu mai tsananin ƙarfi ne ya doke shi a can sama ya tsinke shi. Masu bincike ba su wuce cewa mummunan yanayi ya haifar da wani abin da ba a saba gani ba.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, to amma a wannan batu ganin ɗan'adam bai wadatar ba, sai da na'ura ta gani. Ranar 1 ga Janairu, 1995, a dandamalin iskar gas na Draupner da ke Tekun Arewa, kimanin kilomita 160 daga gaɓar Norwe, wata na'ura mai auna tashin ruwa da hasken leza ta rubuta igiya guda mai mita 25.6, alhali matsakaicin tsawon manyan igiyoyin wannan lokaci kimanin mita 12 ne. Ɓarnar da aka gani a jikin dandamalin ta tabbatar da cewa na'urar ba kuskure ta yi ba. Tsawon nan ya kai na bene mai hawa takwas. A watan Satumba na wannan shekara jirgin Queen Elizabeth 2 ya gamu da wata wadda aka ƙiyasta ta kai mita 29. A ganina abin kunya ne a ce maganar da aka ƙi karɓa daga bakin mutane shekara 169 an karɓe ta daga zanen na'ura cikin ɗan lokaci.

Daga nan bincike ya kankama. Masana suka ajiye ma'auni: igiyar ba-zata ita ce wadda ta ninka matsakaicin tsawon manyan igiyoyin da ke kewaye da ita fiye da sau biyu. A farkon 2001 irinta ta farfasa tagogin ɗakin matuƙa na jiragen yawon buɗe ido biyu, Bremen da Caledonian Star, a kudancin Atlantika. Da aka duba hotunan taurarin ɗan'adam na hukumar sararin samaniya ta Turai na mako uku kacal a wannan lokaci, sai aka ƙirga igiyoyi fiye da 10 da suka haura mita 25. A 2019 masu bincike daga jami'o'in Oxford da Edinburgh suka bayar da rahoton cewa sun sake haifar da siffar igiyar Draupner a cikin wani kewayayyen tafki na gwaji, ta hanyar haɗa jerin igiyoyi biyu da suka gitta wa juna a kusurwar digiri 120. Har yanzu akwai saɓani tsakanin masu cewa haɗuwar igiyoyi ce kawai bisa katari da masu cewa igiya ɗaya ce ke zuƙe ƙarfin maƙwabtanta.

Waratah kuwa an sha fita nemansa. A 1999 aka yi shelar an gano shi a ƙarƙashin teku, amma da aka nutsa da ƙaramin jirgi a 2001 sai aka tarar da wani jirgin dakon kaya ne dabam, Nailsea Meadow, wanda aka nutsar a Yaƙin Duniya na Biyu, da tankokin yaƙi a cikinsa.