Tarihin tausa da ɗori a Damargu, da zuwan ɗaga ƙarfe

Tausa ita ce murza tsoka da matsa ta da hannu, galibi da mai, don a sassauta ciwo ko gajiya. Ɗori kuwa shi ne mayar da ƙashin da ya karye ko ya goce mazauninsa, a ɗaure shi har ya kama. Sana'o'i ne biyu masu maƙwabtaka, kuma a wuri irin Gangara, cikin gundumar Tanut ta jihar Damagaram, sun girmi asibiti nesa ba kusa ba.

Damargu, yankin da Gangara take ciki, ƙasar gero ce. Tun kafin zuwan Faransawa ita ke ciyar da Abzin, ayarin Buzaye na ratsa ta tsakanin Kano da Agadas, kuma cikin irin wannan ayari ne matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta nan a farkon 1851. Duk abin da raƙumi ya ɗauka, dami ne ko taiki ko kantun gishiri, sai da ɗan Adam ya fara cicciɓa shi. Ga jan guga a rijiya mai zurfi, ga daka safe da yamma. Ƙugu da kafaɗa sun san nauyi tun ba a ƙirƙiri ɗakin motsa jiki ba, maganinsu ma sai ya taso tare da su.

Aikin a rabe yake. Tsamin jiki na gida ne: a yi gashi da tsumma da ruwan zafi, a shafa man shanu ko man kaɗanya, a murza, wani lokaci uba ya kwanta rub da ciki ya sa ƙaramin ɗansa ya taka masa baya. In ciwon ya ƙi tafiya sai wanzami, ya kafa ƙaho a gadon baya ya ja abin da ake kira mataccen jini, al'adar da ta samu gindin zama saboda hijama tana cikin hadisai. Targaɗe da gocewa da karaya kuwa na maɗori ne, wanda yawanci gadon sana'ar ya yi. Yakan laluba da yatsa, ya ja gaɓar, ya yi tofi, ya jera karare ya ɗaure. Wanda ya taɓa ganin gogaggen maɗori ya mayar da kafaɗar da ta goce ba zai raina wannan hannu ba.

'Yan kokowa su ne suka fi kusa da masu ɗaga ƙarfe na yau. Da kaka, bayan an kai gero rumbu, ƙauye kan gayyaci ƙauye, kuma ɗan kokowa ba ya rasa na kusa da ke murza masa cinya da wuya tsakanin karawa da karawa. Gwamnatin Nijar ta mayar da kokowa gasar ƙasa a 1975 a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko, daga nan horo ya fara zama na shekara, ba na kaka kaɗai ba.

A rubuce ma batun ya daɗe. Ibn Sina, cikin littafinsa Alƙanun da ya kammala a 1025, ya bambanta tausar da ake yi kafin motsa jiki da wadda ake yi bayansa don a kori gajiya. A Turai, makarantar da Per Henrik Ling ya kafa a Istokholm a 1813 ta shigar da murza jiki cikin tsarin koyarwa. Kairofiraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu, ta zo a baya: Daniel David Palmer ya fara ta a Davenport ta jihar Iowa a Amurka a 1895, ya buɗe makaranta a 1897, yana da'awar cewa yawancin cututtuka daga gocewar gaɓoɓin baya suke. An ɗaure shi a 1906 bisa laifin yin aikin likita ba lasisi. Sana'ar ta rayu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar mata da ƙa'idojin horo a 2005, amma waccan da'awa bincike bai gaskata ta ba. Abin da ya tabbata kaɗan ne: tana taimaka wa wasu masu ciwon ƙugu, gwargwadon yadda motsa jiki ko magani ke taimakawa. Murɗe wuya da ƙarfi kuwa, ko da ba kasafai ba, an danganta shi da yagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki.

Ɗaga ƙarfe ya shigo ta birane. A Damagaram samari kan haɗa ƙarfensu da siminti da tsofaffin kayan mota, kamar yadda fim ɗin Aisha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna a unguwar Kara-Kara. Ciwon da ke bin irin wannan horo masanin aikin jiki Theodore Hough ya bayyana shi tun 1902. Ba ya zuwa nan take, yakan tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, ya wuce cikin mako, kuma asalinsa 'yan ƙananan raunuka ne a cikin tsoka, musamman lokacin sauke nauyi a hankali. Tausa na rage shi, ba ta kawar da shi, kuma babu ƙashin da ya goce balle a gyara.

Inda ake samun asara shi ne rikita wannan ciwon da babban rauni. Ciwon da ya harba daga ƙugu zuwa ƙafa tare da mutuwar jiki, ko fitsari ya yi baƙi bayan horo mai tsanani, ba na mai tausa ba ne. Ɗorin da aka tsananta ɗaurinsa kuma yakan tare jini har gaɓa ta ruɓe, abin da likitocin ƙashi a Najeriya suka sha rubutawa bayan sun yanke hannun yaran da aka kawo a makare. Mutumin Gangara da ya ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sauya launi, kwance ɗaurin ya kamata ya yi nan take, ya nufi asibitin Tanut, in ta kama a wuce da shi babban asibitin Damagaram, tafiyar kusan kilomita 150 kudu da Tanut.