Travesti da Ɗan Daudu: Tarihin Kalmomi Biyu da Matsayin Matar Gida

Duk wanda ya zauna aikin ƙamus na Faransanci da Hausa, ko fassarar takardun kiwon lafiya domin azuzuwan yaƙi da jahilci, wata rana zai yi karo da kalmar travesti, kuma abin da ke fara zuwa bakin alƙalami shi ne ɗan daudu. A ganinmu wannan fassara ba ta zauna daidai ba. Hujjarmu tana cikin tarihin kalmomin biyu, musamman wurin da kowace ta ajiye matar mutumin da a ke magana a kansa.

Faransanci ya aro travestir daga Italiyanci a ƙarni na 16, da ma'anar sauya tufafi domin ɓad da kama, kuma kalmar ta daɗe a dandalin wasan kwaikwayo. Likitan nan na Barlin, Magnus Hirschfeld, shi ya kai ta ɗakin likita a 1910, da littafinsa Die Transvestiten. Ya kawo labarin mutum 17, 16 daga cikinsu maza. Yawancinsu ga mata sha'awarsu ta ke, da dama kuma magidanta ne. Watau tun ranar da kalmar ta zama ta bincike matar aure tana cikin labarin, ko da ya ke muryar miji ce a ke ji. Wani Baturen Ingila, Havelock Ellis, ya so a ce éonisme, daga sunan Chevalier d'Éon, jakadan Faransa da ya rayu cikin tufafin mata daga 1777 har mutuwarsa a Landan a 1810. Sunan bai kama ba.

A Amurka ne batun yardar mata ya zama abin rubutu. A da, birane da yawa suna da dokar hana fita cikin tufafin da ba na jinsin mutum ba, kamar wadda San Faransisko ta kafa a 1863, saboda haka abin ya koma cikin ɗaki, bayan an kulle ƙofa. Virginia Prince, haifaffen Los Anjeles a 1912, masanin haɗa magunguna, ya ɗanɗana kuɗarsa: aurensa na farko ya mutu a kotu, jaridu kuma suka baza sirrinsa. A 1960 ya fara buga mujallar Transvestia, ya kafa ƙungiyar maza masu wannan hali, a 1967 kuma ya fitar da littafi sukutum a kan irin wannan miji da matarsa. Manufar littafin ita ce a lallashi matar: a nuna mata mijinta bai daina son ta ba, ba kuma namiji ya ke nema ba. Mun karanta wannan matsayi a matsayin roƙon miji, domin nauyin da a ke ɗora wa matar, na riƙe sirri daga ƴaƴa da dangi da maƙwabta, ba a auna shi da ma'auni ɗaya da damuwar mijin ba. Aurensa na biyu, da matar da ta san halinsa tun kafin ɗaurin aure, shi ma ya mutu a shekarun 1960.

Akwai gidajen da abin ya zauna. A tsaunukan Katskil na jihar Niyok, Susanna Valenti da matarsa Marie, mai shagon gashin kanti, sun riƙe wani masauki a shekarun 1950 da 1960 inda irin waɗannan maza ke zuwa hutun ƙarshen mako. Bafaranshe Sébastien Lifshitz ya yi fim a kan gidan a 2022. Amma lissafi ya fi labarin gida ɗaya nuna inda gizo ke saƙa. Prince da Bentler sun tambayi mutum 504 a 1972, Docter da Prince kuma 1,032 a 1997, kuma duka biyun mafi yawan masu amsawa suna da aure ko sun taɓa yi. Da George Brown ya juya ga matan kansu a 1994, ya tambayi 106, sai ya ga ƙin yarda ya fi yawa ga waɗanda suka gano abin bayan aure. Matar da ta shekara ashirin tana wanke wa mutum riga, ta wayi gari ta ga akwatin da ba ta san da shi ba, tambayarta ta farko ita ce me kuma aka ɓoye mata.

To, mu dawo gida. Fremont Besmer, a bincikensa na bori a Kano da ya fito a 1983, ya nuna Daudu kirari ne na Galadima, kuma a nan yana nufin iskan nan Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da ɓarnar dukiya. A bori, wanda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazari a kwarin Maraɗi a littafinta na 1972, iska ita ke zaɓar tufafinta, namijin da iska mace ta hau kuwa yana iya sa nata a bainar jama'a. Daudu ya girma a gefen wannan duniya, da ta gidajen mata masu zaman kansu, da tashar mota. Sana'a ce da a ke gani: dafa abinci da sayar da shi, suyar kaji, hidimar biki, wani lokaci kawalci. Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da ƴan daudun Kano a shekarun 1990 ya kuma buga littafinsa a 2009, ya nuna ba kasafai su ke sa cikakken tufafin mata ba. Abin da a ke gane su da shi magana ce da rangwaɗa: habaici, karin magana, tafa hannu, kiran juna ƙawa ko uwa ko ƴa. Da yawansu suna aure suna haihuwa, suna kuma ɗaukar hakan wajibin Musulmi kamar kowa.

A nan masanin harshe zai ɗan tsaya. Faransanci yana da tu ɗaya, Ingilishi you ɗaya, alhali Hausa ba ta barin ka yi wa mutum magana sai ka zaɓi kai ko ke, ka zo ko kin zo. Ɗan daudu yana iya sauya jinsi da wakilin suna guda, ba tare da ya taɓa zane ba. Mu ma wannan ƙa'ida ta kama mu a sama: mun ce ya game da Prince saboda shekarun auren mu ke bayani, amma daga 1968 har rasuwa a 2009 Prince ta rayu a matsayin mace, kuma ta ya dace da wannan zamanin.

Saboda daudu abu ne na fili, tambayar yarda tana zuwa kafin aure, kuma gaban iyaye ta ke zuwa, lokacin binciken asali da hali. Sau da yawa dangin mijin ne ke matsa masa ya yi aure da fatan ya bari. Wannan bai sa zaman matar ya yi sauƙi ba. Tana shan gorin mata a gidan biki, tana kuma jin wa'azin malamai da ke kafa hujja da hadisin da ya la'anci namiji mai kwaikwayon mata. Filin ma ya ƙuntata. A shekarar 2000 jihohin arewacin Nijeriya, Zamfara da Kano cikinsu, suka fara aiki da shari'a a fannin hukunci, a watan Nuwamba na shekarar kuma masu zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA suka kai hari a mashayu da gidajen mata masu zaman kansu a Maraɗi, har da gidan Iya, shugabar bori. Duk da haka damuwar matar ɗan daudu ta abin da gari ya sani ce, ta matar travesti kuwa ta abin da ita kaɗai ta sani.

Saura mutumin da Hausa ba ta raɗa wa suna ba, magidancin da ke ɗaura zanen matarsa in ya kaɗaita, ba ya tuya a tasha, ba ya habaici, ba wanda ya taɓa ce masa ke. In matarsa ta kai kuka wurin ma'aikaciyar lafiya, aka buɗe ƙamus aka ce mata ai mijinki ɗan daudu ne, an jingina masa sana'a da abokai da suna a gari waɗanda ba nasa ba ne, kalmar kuwa in ta isa kunnen iyayenta tana iya kashe auren shekara talatin. Shawararmu ga masu ƙamus ita ce a fassara travesti da bayani, namiji mai sa tufafin mata, a raba ma'anar dandali da ta likita, a bar ɗan daudu a gurbinsa na Hausa zuwa Faransanci, da bayanin sana'a da salon magana da dangantakarsa da bori.