Shari'ar Mutum Shida na Apo: Shin Waɗanda Aka Yanke wa Hukunci Su Ne Kaɗai Masu Laifi?

A wannan fitowa muna so mu waiwayi wata shari'a da ta yi kusan shekara 12 tana jan ƙafa a garin nan, wadda kuma har gobe in aka tayar da zancenta a rumfar kasuwa ko a majalisar bayan la'asar sai ka ga kawuna sun rabu. Ita ce shari'ar mutum shida na Apo. Da yawa daga cikin yaranmu da suka tashi a Nyanya da Karu da Dei-Dei ba su san ta ba sai a bakin manya, saboda haka bari mu ɗauko zancen daga tushe.

A daren 7 ga watan Yuni, wayewar 8 ga wata, shekarar 2005, wasu samari biyar 'yan ƙabilar Ibo masu sayar da kayan gyaran mota a kasuwar makanikai ta Apo, tare da wata budurwa, suna dawowa daga wurin shaƙatawa cikin mota ƙirar Peugeot 406, sai suka ci karo da shingen 'yan sanda a Titin Gimbiya da ke Eriya 11 a Garki. Aka buɗe musu wuta. Huɗu suka mutu a wannan dare. Biyu, wato Anthony Nwokike da budurwar, Augustina Arebu, harbin farko bai kashe su ba, amma kafin rana ta ɗaga su ma an gama da su a wajen unguwar Gaduwa. Dukkansu yara ne, babu wanda ya haura shekara 25.

Da gari ya waye 'yan sanda suka ce 'yan fashi ne, kuma su suka fara harbi. Aka jera makamai a gefen gawarwakin aka ɗauki hoto, aka yi haramar binne su cikin gaggawa. Da a ce baƙi ne da ba wanda ya san su, da shi ke nan an rufe littafi, kamar yadda aka sha rufe na wasu. To amma 'yan kasuwar Apo sun gane yaransu, suka rufe shaguna, suka yi dafifi a ofishin 'yan sanda na Garki, aka yi tarzoma wadda ita ma sai da ta ci rai. Ganin haka ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck. A gaban hukumar nan ne asiri ya tonu, domin wasu daga cikin 'yan sandan da kansu suka ba da shaida cewa makaman nan ajiye su aka yi. Hukuma ta tabbatar da cewa mamatan ba 'yan fashi ba ne. Gwamnatin Tarayya ta ba da haƙuri, ta biya iyalan kowane mamaci Naira miliyan 3, aka tono gawarwakin aka miƙa wa dangi.

Mutum shida aka tuhuma. Babbansu shi ne Mataimakin Kwamishinan 'Yan Sanda Danjuma Ibrahim, wanda wasu shaidu suka ce shi ya yi harbin Titin Gimbiya, shi kuma ya musanta. Sai baturen 'yan sanda na Garki, Othman Abdulsalam, wanda ya sulale daga hannun hukuma tun kafin a fara shari'a, wai kuma daga inda ake tsare da shi a hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa. Sauran huɗun su ne Nicholas Zakaria da Sadiq Salami da Ezekiel Acheneje da Emmanuel Baba. Daɗin daɗawa, wani kurtu da ke cikin tawagar wannan dare ya mutu ana tsakiyar bincike, rahoton likita kuma ya nuna guba ce. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyun a ransa, mai gudu da mamaci, don kuwa rashinsu ya yi wa shari'ar babban giɓi.

Ranar 9 ga watan Maris, 2017, Babban Alƙalin Babbar Kotun Birnin Tarayya na lokacin, Mai Shari'a Ishaq Bello, ya yanke hukunci. Ya sami Acheneje da Baba da laifin kashe mutum biyun nan na Gaduwa, ya yanke musu hukuncin kisa a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Final Kod, wadda ita ake aiki da ita a Abuja kamar sauran Arewa. Danjuma da Zakaria da Salami kuwa ya sallame su, ya wanke su. Hujjarsa a kan biyun farko ita ce iƙirarin da suka yi da bakinsu a takardar bayani, cewa su suka yi harbin bisa umarnin baturen 'yan sanda. Hujjarsa a kan sallamar ukun ita ce shaidun masu gabatar da ƙara sun saɓa wa juna, kuma masu bincike ba su ɗauki zanen yatsu a jikin bindigar da aka ce da ita aka yi harbin ba. Bayan haka aka mayar da Danjuma bakin aiki, daga baya ma aka ƙara masa girma.

To a nan ne gardama take. Wani ɓangare na mutanenmu na cewa alƙali ya yi daidai: mutum ya faɗa da bakinsa ya kashe rai, me kuma ake nema? Cewa "oga ne ya sa ni" ba ta wanke kowa, domin doka ba ta tilasta wa ɗan sanda bin umarnin da kowa ya san haramtacce ne. Mu da muka ɗan zauna gaban malamai mun san ko a fiƙihun Malikiyya wanda aka tilasta ya yi kisa ba ya kuɓuta daga ƙisasi, don ransa bai fi na wanda ya kashe daraja ba. Sai dai masu kafa wannan hujja sukan manta da ragowar hukuncin, wato shi ma wanda ya tilasta ɗin ana haɗawa da shi. A nan kuwa wanda aka ce ya ba da umarnin bai tsaya gaban alƙali ba ko sau ɗaya.

Ɗaya ɓangaren na cewa an dai sami marasa gata an ɗora musu kaya. Suna tambaya: wa ya rubuta takardun iƙirarin nan? Rundunar da ta jera makamai a gefen gawa ta ce 'yan fashi ne, ita ce dai ta ɗauki bayanin. In an ƙi yarda da bincikenta a kan babba saboda sakaci, don me za a rungume shi a kan ƙarami har a ɗora masa hukuncin da ba a dawowa daga gare shi? Wannan tambaya tana da nauyi. A 2005 babu dokar da ta tanadi ɗaukar iƙirari a bidiyo ko a gaban lauya. Sai a 2015 Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta zo da wannan tanadi, dokar hana azabtarwa kuma sai a ƙarshen 2017. Ba muna cewa an matsa wa waɗannan mutum biyu ba ne. Abin da muke cewa shi ne an ɗauki maganarsu a zamanin da babu shaidar yadda aka ɗauke ta sai ta wanda ya ɗauka.

Kuma kada wani ya ce kotu ba ta kuskure a shari'ar rai. Mun gani da idonmu a shari'ar kisan Kudirat Abiola na 1996: Babbar Kotun Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha hukuncin rataya ranar 30 ga Janairu, 2012, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta rushe hukuncin ranar 12 ga Yuli, 2013, musamman saboda manyan shaidu biyu sun janye maganarsu. A lokacin mutanenmu sun cika titunan Kano da murna. Abin tambaya shi ne, da Manjo ba shi da lauyoyi da jama'a, da wa zai bi masa kadi? Can baya ma, a 1981, an kashe wani Nasiru Bello a Jihar Oyo alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu, sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, bayan mai rai ya riga ya zama ƙasa.

Mu dai a namu ganin, ɓangarorin biyu kowa ya kama rabin gaskiya ya saki rabi. Ba mu da hujjar cewa Acheneje da Baba ba su yi harbi ba, kuma ba namu ba ne mu tuhumi wanda kotu ta wanke. Alƙali da abin da aka ajiye a gabansa yake aiki, ba da zancen majalisa ba. Aibin ya faru ne tun kafin a isa gabansa. Mutum shida aka kashe, hukunci ya amsa na biyu. Huɗun Titin Gimbiya, hukumar bincike ta ce ba 'yan fashi ba ne, gwamnati ta biya diyyarsu, amma hukuncin 2017 bai ɗora kisansu a kan kowa ba. Sakacin mai bincike, wanda shi ne ya kamata a hukunta, sai ya zama garkuwa, shari'a kuma ta faɗa a kan waɗanda suka buɗe baki. Ɗan sandan da ya ga haka, gobe in an kira shi shaida me zai yi? Shiru zai yi, wallahi.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu kai tsaye. A 2005 wasu daga cikinmu sun ɗauki abin a matsayin rigimar Ibo da 'yan sanda, wasu ma sun karkata saboda ganin sunayen 'yan Arewa a cikin waɗanda ake tuhuma. Alhali kuwa yaran nan 'yan ci-rani ne irinmu, nema ya kawo su garin da Janar Murtala ya zaɓa a 1976 don ya zama na kowa. Shekara takwas bayan haka, ranar 20 ga Satumba, 2013, a wannan Apo ɗin dai, sojoji da jami'an tsaron farin kaya suka afka wa wani kangon gini da asuba, inda 'yan ci-rani ke kwana, akasarinsu yaranmu masu tuƙa Keke Napep. Mutum 8 suka mutu, 11 suka jikkata. Wancan karon an ce 'yan fashi, wannan karon aka ce 'yan Boko Haram. Kwamitin Majalisar Dattawa ya wanke jami'an, amma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, a watan Afrilun 2014, ta ce babu hujjar da ta nuna mamatan 'yan ƙungiyar ne, ta ba da umarnin a biya Naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane mai rauni, jimla miliyan 135. Shugaban hukumar a lokacin, Chidi Odinkalu, ɗan ƙabilar Ibo ne. Kuɗin ba su shiga hannun iyalan ba sai a watan Afrilun 2018.