Tarihin Butum-butumi Mai Rikiɗa na Japan

In aka ce tarihi, galibi hankalinmu yakan tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ni kuwa ina ganin ko abin wasan yara yana da nasa tarihin. Misalin da zan kawo shi ne butum-butumin nan na ƙasar Japan, wanda in an lanƙwasa gaɓoɓinsa sai ya rikiɗe ya zama mota, ko jirgin sama, ko bindiga.

A shekarar 1974 kamfanin Popy ya fitar da butum-butumin Mazinger Z na zubin ƙarfe, aka raɗa wa irinsa suna Chogokin. A wannan shekara kuma kamfanin Takara ya fitar da Microman, watau 'yan mutane ƙanana masu tsawon kimanin santimita 10. Daga nan Takara ya ƙago Diaclone a 1980, sa'an nan Micro Change a 1983. A cikinsu ne aka sami motoci da kayan gida masu komawa butum-butumi.

A 1983 wakilan kamfanin Hasbro na Amurka suka ga waɗannan kaya a bajekolin kayan wasa na Tokiyo, suka sayi izinin sayar da su. Suka haɗa iri biyun wuri guda, suka sa musu suna Transformers a 1984. Marubutan kamfanin Marvel suka ba kowane suna da hali, aka kuma yi musu wasan zane a talabijin. Babbar motar Diaclone ta zama Optimus Prime, ƙaramar bindiga ta zama abokin gabansa Megatron. Ke nan Japan ce ta ƙera jiki, Amurka ta ba da labari.

To, yaran da suka yi wasa da su sun girma, sun kama aiki, kuma begen ƙuruciya bai sake su ba. 'Yan kasuwa suka lura da haka. A 1997 kamfanin Bandai ya fara Soul of Chogokin musamman domin manya. A 2003 Takara ya biyo baya da Masterpiece. Na farkonsu shi ne Convoy, sunan Optimus Prime a Japan, ya zo da bindigarsa da gatarinsa. Takara ya haɗe da Tomy a 2006, sana'ar kuwa ba ta tsaya ba.

Wurin masu tara waɗannan kaya, darajar abu tana ga cikarsa. Tsohon butum-butumin da ya rasa dunƙulen hannu guda, ko kwalinsa, ko takardar bayaninsa, kuɗinsa yakan faɗi ƙwarai. Dalili kuwa shi ne 'yan ƙananan tarkacen nan su yara suka fara ɓatarwa, saboda haka su ne suka fi wuyar samu. Ga shi kuma farar roba takan koma rawaya in ta sha rana, gaɓoɓi sukan saki, shi ya sa ake killace su cikin akwatin gilashi.

Wani zai ce wannan ɓarnar dukiya ce, kuma lalle kamfanoni suna cin riba da begen mutane. Amma a ganina akwai abin lura. Kamfanonin sun ƙera kayan farko ne don yaro ya yi wasa ya karya a sayo wani. Da ba don masu adanawa ba, da mai bincike na yau bai sami cikakken samfurin da zai duba ya gane fasahar maƙeran wancan zamani ba. Kowace al'umma, abin da ta raina ta yar, shi jikokinta za su nema su rasa.