Abincin gida da abincin leda: abin da ya kamata iyali su sani

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kusa da mai kwanon gero akwai mai teburin biskit, taliyar leda, alewa da lemun kwalba. Dukansu suna cika ciki, amma ba aiki ɗaya suke yi wa jiki ba.

Yadda masana suka kasa abinci

A shekarar 2009, Farfesa Carlos Monteiro na jami'ar Sao Paulo a ƙasar Birazil da abokan aikinsa suka fara kasa abinci bisa yawan sarrafawar da aka yi masa, tsarin da aka sani da NOVA. Yana da rukuni 4. Na farko shi ne abincin da bai yi nisa da gona ba: gero, dawa, wake, gyaɗa, ƙwai, nono, nama, kifi, ganye da ƴaƴan itace. Na biyu kayan girki ne, kamar mai, gishiri da sukari. Na uku abin da aka adana da gishiri, mai ko sukari, kamar kifin gwangwani. Na huɗu shi ne wanda masana'anta ta haɗa da kala, ƙamshi da sinadaran da babu su a ɗakin girki. Nan biskit, lemun kwalba da taliyar leda suke, kuma yawan cin su yana tafe da ƙiba, hawan jini da ciwon suga.

Ma'aunin gishiri da sukari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50. Gwangwanin lemun kola guda yana ɗauke da wajen giram 35. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya kuwa kusan rabinsa gishiri ne, shi ya sa tukunyar da aka sa wa dunƙule uku aka kuma ƙara gishiri take wuce ƙa'ida. Hukumar ta kuma ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace kowace rana.

Abin da gonakin Nijar ke bayarwa

Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noma gero a duniya, kuma a noman wake Najeriya ce kaɗai ke gabanta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe, wanda jini ke buƙata, amma idan aka tsananta surfe, yawancin amfanin yakan bi dusa.

Hatsi shi kaɗai ba ya isa gina jiki. Haɗa shi da wake ko gyaɗa ne ke cike giɓin, kamar a shinkafa da wake, dambun zogale da ƙuli-ƙuli, ko kunun gyaɗa. Zogale, kuka, rama da yakuwa suna kawo sinadaran da tuwo ba shi da su. Daddawa, albasa, tafarnuwa da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano, sai a rage dunƙule. Lemun tsami, tumatir ko gwaiba suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, shayi kuwa yana rage hakan idan aka sha shi tare da abinci.

Ƙananan yara

Fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ba sa girma daidai da shekarunsu saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ƙa'idar likitoci ita ce nonon uwa zalla har wata 6, sannan a ƙara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kunun yaro ya zama mai kauri, da garin gyaɗa ko na wake a ciki. Biskit da lemun leda suna kashe masa yunwa, sai ya ƙi abincin da zai gina shi.

Inda ake kuskure

Ba duk abin da ya fito daga masana'anta ne abin gudu ba. Gishiri mai aidin yana kare maƙoƙo, man girki da aka ƙara wa bitamin A yana taimakon ido, abincin gyaɗa da ake bai wa masu tamowa a asibiti kuwa magani ne. Haka kuma na gida yana iya cutarwa: gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, furar da aka dama da ruwa marar tsabta tana kawo gudawa, lemun zoɓo da aka cika wa sukari kuma bai bambanta da na kwalba ba.

Kuɗin da yaro ke kashewa kullum a teburin alewa zai iya sayen dafaffen ƙwai, gyaɗa, dabino ko mangwaro a lokacinsa. Wake da hatsi sun fi araha da kaka, zogale da kuɓewa kuma ana iya shanya su a inuwa a ajiye don rani.