Ekptuo

Ekptuo (da Girkanci: ἐκπτύω) kalmar aikatau ce a tsohon harshen Girka, wadda ke nufin tofar da abu daga baki. Daga wannan ma'ana ta zahiri ne ta samu ta biyu, wato ƙin mutum ko abu cikin ƙyama.

Asali

Kalmar haɗi ce ta ɗafi ek, mai nufin "daga ciki zuwa waje", da ptuo, wato "tofa yawu". Ptuo tushenta ɗaya da spuo ta harshen Latin. Akwai 'yan uwanta irin su emptuo, tofa wa mutum yawu don wulaƙanci, da apoptuo, wadda marubutan wasan kwaikwayo na Atina suka yi amfani da ita wajen yin tir da abu. Hausa ma ta haɗa yawu da la'ana a "tofin Allah tsine".

A tsohon adabi

A littafi na 5 na Odyssey na Homer, kalmar ta zo da ma'anarta ta zahiri: Odysseus ya taso daga ƙarƙashin teku bayan igiyar ruwa ta jefar da shi, ya tofar da ruwan gishirin da ya cika masa baki.

Tofi kuma yana cikin camfe-camfen Girkawa. Theophrastus, ɗalibin Aristotle, ya siffanta mai yawan camfi da cewa in ya ga mahaukaci ko mai farfaɗiya, sai ya tofa yawu a ƙirjin rigarsa don kada abin ya shafe shi.

A Sabon Alkawari

Sau ɗaya tak kalmar ta zo a Sabon Alkawari, a wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa 4:14, wadda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 1. Bulus ya tuna wa mutanen Galatiya, yankin da ke cikin Turkiyya a yau, cewa da rashin lafiya ya fara zuwa musu, amma ba su rena shi ko su tofar da shi ba.

Masana sun kasu biyu kan wannan aya. Wasu na ganin ma'anar ita ce ba su ƙyamace shi ba, haka kuma yawancin fassarori suka bi. Wasu kuwa sun danganta ta da waccan al'ada ta tofi, wato ba su ɗauke shi mai ɗauke da mugun abu da za a nemi tsari da shi ba.