Basasar Kano a Bakin Tsofaffin Gidanmu

In ka ce "yaƙin basasa" yau, mutane sai su zaci na 1967 ka ke nufi. Amma a wurin tsofaffin Kano da na tarar, Basasa ɗaya ce, watau wadda aka yi tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895.

Asalin abin kuwa gadon sarauta ne. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya bar 'ya'ya da yawa, amma da ya rasu sai aka naɗa ƙanensa Bello. Bello ya yi ta tuɓe 'ya'yan wansa daga sarautunsu. Da shi kuma ya rasu cikin 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ce a ba Tukur ɗan Bello, saboda jaruntakar da ya gwada a yaƙin Argungu. Waziri Buhari ya naɗa shi, ko da ya ke Kanawa da yawa Yusufu ɗan Abdullahi su ke so. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice zuwa Takai, suka tara yaƙi. Yusufu ya rasu a Garko cikin 1894, ƙanensa Alu ya gaje shi, ya ci birnin a wannan shekara. Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka bi shi, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya cikin 1895, ya rasa ransa.

Wannan shi ne labarin littafi. Na gidanmu kuwa ba sarki a cikinsa.

Uban kakata yana saurayi sa'ad da aka yi Basasa, yana cikin barorin wani hakimi. Abu biyu kakata ta kan faɗa a kansa, in mun kewaye ta da dare. Na fari, yana da tabon kibiya a kafaɗa, ba ya tuɓe riga gaban yara. Na biyu, ƙanwarsa. An kama ta ranar da aka fasa ƙauyensu, ita ɗiya, Musulma, aka sayar da ita kamar baiwa. Har ya tsufa in ya ji fatake sun sauka sai ya tafi zango yana tambaya.

Wata rana na ce, "Kaka, shi wa ya bi, Tukur ko Yusufu?" Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Kai, angona, wa ya aike ka? Ubangidansa ya bi."

Sai bayan rasuwarta, Allah ya ji ƙanta, baffana ya gaya mini Batukure ne. Ashe abin da ta ke ɓoyewa ke nan. Ni dai ban ga laifinta ba. Tun daga Alu sarautar Kano ba ta sake fita daga zuriyar Abdullahi ba, ko bayan da Turawa suka ci garin cikin 1903. Wanda kakansa ya bi Yusufu ya kan faɗa da ƙarfi. Wanda nasa ya bi Tukur kuwa, me zai ce, a gaban wa?

Baffa ya ƙara mini ɗaya. Cikin mayaƙan da suka fasa ƙauyen har da ɗan wan uban mutumin nan, kuma shi aka ba gonarsa bayan yaƙi. Jikokinsa ne mu kan je wa gaisuwar Salla tun muna yara. Su ke noma gonar har yanzu, kowace kaka su kan aiko mana da damin gero.